Zanen Gawayi

Shekara talatin Inna Tsahara na matsar gyaɗa a Bagalam,
mai a kwalba, ƙuli-ƙuli a daro.
Ba ta taɓa shiga lakwal ba,
amma bangon madafarta littafi ne:
zane ɗaya na gawayi, matar Gado ta ɗauki na dala goma,
zane uku, mai shayin bakin tasha.
Ba a taɓa cinye mata ko tamma ba.

Bana ta zuba gishiri a kunu,
ta tambaye ni ko gulbi ya kawo ruwa
sau huɗu kafin azahar.

Likita ya rubuta takarda, ya cire madubin idonsa, ya ce:
"Wannan ba ya kwaso ruwan da ya zube,
yoyon tulun kawai yake ragewa.
Ƙwaya ɗaya, dare ɗaya, bayan tuwo.
In ta wuce ku, ta wuce,
ba azumi ba ne balle a rama, kada ku haɗa mata biyu.
In jiri ya ɗebe ta, ko amai ya ƙi tsayawa,
ko bugun zuciya ya yi sanyi,
ku ɗauko ta, kada ku ce sai an taso daga kasuwa.
Jiƙon da ake aiko mata daga Tibiri,
kawo min saiwar in gani tukun.
Na masu yawo da tire a ka, wanda rana ta dafa,
bar musu abinsu ko da launin ya zo ɗaya.
Kuma kada ku yanke shi don kanku."

Na sa maganin a gwangwanin madara,
gwangwani a akwati, akwati da kwaɗo,
ɗan makullin na rataye tare da na kabu-kabuna,
yana kaɗawa a ƙuguna daga Zariya har Ali Ɗan Sofo.
Ita da ta riƙe makullan gidan nan duka.

Kowane dare, bayan lisha,
in miƙa ƙwaya, in miƙa moɗa,
in jira har maƙogwaro ya motsa,
don ta taɓa ɓoye ɗaya a kunci kamar goro.
Sannan in ɗauki gawayi in ja zane a bangonta,
dabarar da na sha a nono.

Daren Laraba na dawo a gajiye, ƙura har gira.
Na duba bango: sha uku.
Gabana ya faɗi.
Waye ya ba ta? Yaushe? Ko ni ne, kaina ya fara yoyo?
Na buɗe kwaɗo hannuna na rawa,
na ƙirga ramukan fakiti a hasken waya:
sha ɗaya.
Na sake. Sha ɗaya.

Tana zaune a tabarma, yatsunta baƙi ƙirin.
"Ƴar gidan Labo ce," ta ce,
"ta ɗauki kwalba biyu, ba ta biya ba."
Labo ya kwanta dama tun ina goye.

Na yi dariya har ta zama wani abu dabam.

Yanzu na bar mata bangonta, ta bi bashinta.
Nawa lissafin yana ramukan fakiti
da kalandar farmasi da na manna cikin murfin akwati.

Ni ne ɗan fari.
Tun da aka yanka ragona ba ta taɓa faɗin sunana ba,
sai "kai", sai "wannan yaron", fuska a gefe.
Jiya ta haɗiye ƙwayarta, ta ajiye moɗa,
ta dube ni ido cikin ido.
Kunyar ma ta bi sauran kaya ta zube.
"Hambali," ta ce, "ka ci abinci?"

Na ce na ci.
Ban ci ba.